Hawan jinin da ke kwance cikin katunanmu: jagora ga ƙananan asibitocin Kaduna

Wata Litinin da hantsi aka shigo mana da wani dattijo a keke mai ƙafa uku, 'ya'yansa biyu riƙe da shi, baki ya karkace, hannun dama ya saki. Kafin motar da za ta wuce da shi babban asibiti ta iso, na ciro katinsa. Sau uku ya zo wurinmu cikin shekara biyu: zazzaɓi, ciwon baya, sai kuma zazzaɓi. Kowane zuwa an auna shi an rubuta a saman shafi: 166/100, 158/98, 174/104. Ƙarƙashin lambobin babu komai sai maganin maleriya da farasitamol, kuma ɗaya daga cikin rubutun nan nawa ne. Babban ɗan ya dube ni ya ce, "Wallahi Malam, Baba bai taɓa yin hawan jini ba." Da gaskiyarsa, tunda ba wanda ya taɓa gaya musu.

In ana zancen masu hawan jinin da ba su san suna da shi ba, hankali kan tafi kan mutanen da ba sa taka ƙofar asibiti. Akwai su, da yawa ma. Amma wani kaso mai tsoka yana shigowa ta ƙofarmu kullum, ya zauna a bencinmu, mu ɗaura masa na'ura, mu rubuta lamba, mu sallame shi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce manya wajen biliyan 1.3 ke da hawan jini, kusan rabinsu ba su sani ba, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun jinyar da ta wadatar. A Najeriya ƙiyasi ya nuna kusan mutum ɗaya cikin manya uku na ɗauke da shi. Ke nan in manya talatin suka bi layinka yau a Rigasa ko Tudun Wada ko Kakuri, ka sa ran goma daga cikinsu. Duba rajistarka ka ga nawa ka kama.

Mataki na farko: kowa ya miƙo hannu

Duk wanda ya kai shekara 18 a auna shi, ko me ya kawo shi: allura, wankin ciwo, tari, karɓar takardar shaidar lafiya. Teburin awo ya kasance tsakanin wurin yankar kati da ɗakin likita, yadda ba mai tsallake shi. Kada a jira sai mutum ya ce kansa na ciwo ko yana ganin jiri, domin yawancin masu hawan jini ba sa jin komai.

Masu rakiya su ma a yi musu tayi. Mazanmu ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya kwantar da su, amma sukan kawo mata awon ciki, su tsaya waje jikin babur suna duba waya. Minti biyar ɗin nan da yake jira ya isa. "Maigida, zo mu duba naka kai ma, kyauta ne." Ba kasafai ake ƙi ba.

Mataki na biyu: awon da za a iya dogara da shi

Nan ne yawancin aikinmu ke lalacewa, don haka zan daɗe a kai.

Fara da na'urar. Mai batir wadda ake ɗaurawa a damtse ta fi sauƙi ga ƙaramin asibiti, in dai irin wadda aka tantance ingancinta ce. Ta wuyan hannu a bar ta. Mai agogo kuwa, wadda ake hurawa da hannu ana saurare, tana kaucewa in ta faɗi ƙasa ko ta tsufa, sai an riƙa gwada ta da wata na'ura mai kyau kamar duk wata shida. In allurarta ba ta komawa kan sifili, ta gama aiki. Mai amfani da ita ya sassauta iska a hankali, maki biyu a kowace daƙiƙa, ya rubuta abin da ya ji. Ka buɗe rajistar wasu wurare ka ga 120/80 tun daga sama har ƙasa, kai ka ce duk garin jini ɗaya gare su. Wanda ya ji 144 ya rubuta 140, wanda ya ji 138 shi ma ya rubuta 140, kuma a daidai wannan iyakar ake yanke hukunci.

Sai maɗaurin. Ku nemi aƙalla biyu, matsakaici da babba. Ƙaramin maɗauri a kan damtsen Hajiya mai jiki yana ƙara lamba, babba a kan siririn hannun tsoho yana rage ta. Jakar iskar da ke ciki ta zagaye kusan kashi 80 cikin 100 na damtse, gefenta na ƙasa ya zauna yatsa biyu sama da gwiwar hannu. A kan fata ake ɗaurawa. Wannan na nufin a tanadi labule ko kusurwa ga mata, in da hali mace ta auna mace, don ba za ka ce wa matar aure ta yaye hijabi a gaban benci cike da maza ba. Inda babu labule, a kan hannun riga ake ƙarewa. Mai babbar riga ya cire ta, kada ya naɗe hannun ya shaƙe damtse.

Yanzu mutumin. Ya zauna shiru minti biyar, baya jingine, ƙafafu biyu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai tsayin zuciya. Benci marar majingina bai dace ba, kujerar roba ta fi shi. In fitsari ya matse shi ya je ya rage tukuna. Tambaye shi ko ya ci goro, ya sha taba, shayi mai kauri ko lemon ƙara kuzari cikin rabin awar da ta wuce. Goron nan musamman: dattijo zai ce bai sha komai ba alhali ɓari na cikin kumatunsa. Wanda ya tako daga Hayin Banki cikin rana ya iso yana haki, a bar shi ya huce.

Sannan shiru. Wannan ya fi komai wuya a wurinmu, don gaisuwa ba ta ƙarewa, ina gajiya, ina iyali, yaya mai jiki, na'ura na ta hurawa. Ku gama gaisuwarku, sannan ka ce, "Baba, yanzu mu yi shiru ni da kai har ta gama."

Auna sau biyu, minti ɗaya ko biyu tsakani. In na farko ya hau, ko biyun sun yi nisa da juna, ƙara na uku ka ɗauki matsakaicin na ƙarshe biyu. A zuwan farko a auna hannu biyu, wanda ya fi hawa shi za a riƙa amfani da shi, a rubuta a kati. Taɓa bugun jijiya ma: in yana tsalle ba tsari, na'urar batir na iya ruɗewa, a auna da abin saurare kuma likita ya gani. Tsofaffi da masu ciwon suga a ƙara musu awo a tsaye bayan minti ɗaya, saboda wasu jininsu kan faɗi in sun miƙe.

Mataki na uku: tonon tsofaffin katuna

Wannan ba ya buƙatar kuɗi, sai haƙuri da ƙura. Ware mutum biyu da yammacin da layi ya yi sauƙi, su riƙa zaro katunan manya na shekara ɗaya ko biyu da suka wuce, hamsin hamsin. Abin da ake nema: duk katin da aka taɓa rubuta lambar sama 140 ko fiye, ko ta ƙasa 90 ko fiye, kuma babu inda aka rubuta hawan jini ko aka ba da maganinsa. Ɗaya daga cikin lambobin ta hau ya isa, ba sai duka biyu ba. Inda ake da kwamfuta aikin na minti kaɗan ne, amma yawancinmu takarda ce.

Kasa su kashi uku. Masu 180/110 ko fiye, a kira su a ranar. Masu 160/100 zuwa sama, da duk wanda lambarsa ta hau sau biyu ko yake da ciwon suga ko na ƙoda, cikin mako. Sauran cikin wata. Kada a manta rajistar awon ciki: matar da jininta ya hau da ciki, ko ta yi jijjiga, tana cikin haɗarin hawan jini daga baya, kuma galibi daga ranar suna ba mai sake auna ta.

Kiran waya na da nasa ladabi. Sau da yawa lambar da ke kati ta miji ce ko ta ɗa, don haka kada a zazzage bayanin ciwo ga duk wanda ya ɗauka, kada kuma a tayar da hankali. "Assalamu alaikum, daga asibiti ne. Muna bin waɗanda suka zo wurinmu muna sake duba awon jininsu, muna son Mama ta leƙo ranar Laraba da safe, ba za ta bi layi ba." Alkawarin layin nan a cika shi. Lambobi da yawa za ka tarar a kashe, sai a haɗa da ma'aikatan da ke zagaya unguwa ko kwamitin lafiya na mazaɓa.

Mataki na huɗu: tabbatarwa

Awon rana ɗaya ba ya sa a laƙaba wa mutum ciwon da zai sha wa magani har ƙarshen rai. Zazzaɓi, zafin ciwo da fargaba duk suna ɗaga lamba. Tsakanin 140/90 da 159/99, ya dawo wata rana cikin mako ɗaya zuwa huɗu, a rubuta masa ranar a takarda. In ya sake hawa, hawan jini ne, a rubuta kalmar ɓaro-ɓaro a bangon kati. Daga 160/100, bayan an maimaita awon yadda ya kamata, kada a ja lokaci. In ka ga alamar mutumin ba zai dawo ba, gara a fara masa magani ran nan.

Wasu jininsu ba ya hawa sai sun ga farar riga, wasu kuma akasin haka, lafiya lau a asibiti, a gida yana sama. Wanda ke da na'ura a gida, ko maƙwabci mai ita, ya auna safe da yamma, sau biyu biyu, kwana bakwai, a watsar da na ranar farko a ɗauki matsakaicin saura. Iyakar gida 135/85 ce.

Daga 180/110 sai a tsaya a duba da kyau. Akwai ciwon kai mai tsanani, dishi-dishin gani, ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, ruɗewa, karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, farfaɗiya? In akwai ko ɗaya, na gaggawa ne, a tura shi nan take da takarda zuwa inda za a iya kwantar da shi, kamar asibitocin Barau Dikko, Yusuf Dantsoho a Tudun Wada, Gwamna Awan a Kakuri, ko Shika ga na ɓangaren Zariya. In babu alama ko ɗaya, a zaunar da shi rabin awa a sake aunawa, a fara maganin sha, a gan shi cikin 'yan kwanaki. Tsohuwar ɗabi'ar nan ta fasa ƙwayar nifedifin a ƙarƙashin harshe don lamba ta faɗo yanzu-yanzu a daina ta. Faɗuwar jini farat ɗaya na iya jawo shanyewar da ake gudu.

Mai ciki hukuncinta daban. 140/90 bayan mako 20 na ciki, a gwada fitsari a nemi furotin a ranar, likita ya gan ta. 160/110 kuwa ba a kwana da ita a ƙaramin asibiti.

Mataki na biyar: me yake sha, me yake ci

Kafin rubuta magani, tambayi abin da yake sha da kansa. Masu aikin ƙarfi da tsofaffi masu ciwon gwiwa na haɗiyar dikulofenak da ibufurofen daga kemis kamar gyaɗa, kuma suna ɗaga jini suna taɓa ƙoda. Deksa, ƙwayar sitiroyid da 'yan mata ke sha don ƙiba, wasu mayukan bilicin masu sitiroyid, ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadari biyu, wasu magungunan mura, duk suna cikin lissafi. Kada ka ce "kina shan magani?", za ta ce a'a. Ce mata, "In jiki ya yi tsami me kike saya a kemis?"

Gwaji mafi ƙaranci: fitsari don furotin, suga, nauyi da tsawo. In da hali a ƙara aikin ƙoda da sinadaran jini, da awon zuciya na takarda. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 ta ce rashin gwaji kada ya hana fara magani, kuma kada a wuce mako huɗu bayan tabbatarwa. Matashi ɗan ƙasa da shekara 40 mai hawan jini sosai, ko mai furotin a fitsari, ko mai kumburi, na likitan babban asibiti ne.

Kan abinci, cewa "ki rage gishiri" kawai ba ya aiki. Ƙa'ida ita ce ƙasa da giram 5 a rana, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin abinci. Gishirinmu na cikin dunƙulen magi da ake jefa biyar ko shida a tukunya, da yajin tsire, da kilishi, da garin taliyar leda, da burodi, da kanwa. Kanwar nan ba ƙaramar magana ba ce: tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da kunun kanwa da wankan jego. Tunda tukunya ɗaya ce a gida, da mai girki za a yi maganar. A rage magi ɗaya ɗaya, daddawa da albasa da citta su cike gurbi.

Mataki na shida: yadda ake faɗa

Yadda aka faɗa a ranar farko shi ke sa mutum ya dawo ko ya ɓace. Nuna masa lambarsa, nuna masa inda ake so ta koma, wato ƙasa da 140/90. Za ka ji amsoshi iri ɗaya. "Ni ba ni da tunani." "Ai ciwon masu kuɗi ne." "An ce in ka fara maganin ba ka dainawa." Na ƙarshen nan kada ka musa shi, gaskiya ne galibi, amma bayyana cewa ciwon ne ba ya tafiya, maganin bai kama kowa ba. Nakan ce, "Alhaji, kamar tiyo ne da aka buɗe wa famfo da ƙarfi. Ba za ka ji komai ba sai ranar da ya fashe, kuma a ƙwaƙwalwa ko ƙoda yake fashewa." Kusan kowa ya san wani da ɓarin jikinsa ya shanye aka ce shafar aljanu ce, ko wanda kuɗin wankin ƙoda ya cinye gidansa.

Zoɓo, tafarnuwa da zogale ba sai an yi faɗa a kansu ba. Ya sha zoɓonsa ba sukari, amma kada ya ajiye ƙwaya dominsa. Ƙaramin asfirin da wasu ke sha da sunan maganin hawan jini ba ya sauke jini ko kaɗan.

Mataki na bakwai: magani bisa tsari ɗaya

Abin da ya fi taimakon ƙaramin asibiti shi ne kowa ya bi tsari ɗaya da aka manna a bango, maimakon kowane ma'aikaci da nasa. Najeriya na da irin wannan tsari mai hawa-hawa, wanda aka yi aiki da shi a cibiyoyin matakin farko na Kano da Ogun da Abuja. Ana farawa da amlodifin miligiram 5 sau ɗaya a rana. In bayan wata bai sauka ba a ƙara losatan 50. In har yanzu, amlodifin 10 da losatan 100. Sai a ƙara maganin sa fitsari HCTZ 25. Wanda duk wannan bai sauke ba, alhali yana shan maganin da gaske, a tura shi gaba. Wanda ya zo da lamba mai nisa ana iya fara masa da biyu kai tsaye.

Sa amlodifin a gaba na da dalili. Binciken CREOLE da Farfesa Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, aka wallafa a 2019, ya nuna haɗin da ke da amlodifin ya fi sauke jinin baƙar fata a kan haɗin da babu shi. Illarsa da aka fi gani kumburin ƙafa ce, a gaya wa mutum tun farko kada ya tsorata ya jefar. Losatan da danginsa irin lisinofiril haramun ne ga mai ciki, kuma a yi hattara da duk macen da za ta iya ɗaukar ciki. Ba a haɗa losatan da lisinofiril. Ga mai ciki akwai metildofa, nifedifin mai aiki a hankali da labetalol. Mai tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, duba ko lisinofiril yake sha.

Kuɗi kuma a yi maganarsa a fili. Rubuta sunan magani na asali mai sauƙin farashi ya fi rubuta mai tsada da za a sha kwana goma a bari. Tambayi ko yana cikin inshorar lafiya ta jihar Kaduna (KADCHMA) ko ta tarayya. Da azumi, maganin sau ɗaya a rana ya koma sahur ko buɗa-baki, mai shan na fitsari ya fi dacewa da buɗa-baki, musamman in azumi ya faɗo cikin zafin Maris da Afrilu.

Mataki na takwas: kada ya ɓace

Buɗe rajista ta hawan jini ita kaɗai: suna, unguwa da kwatance, lambar waya biyu, awon kowane zuwa, magani, ranar dawowa. Duk wata har lamba ta sauka, daga nan duk wata uku zuwa shida, da maganin da zai kai shi. Ware rana ɗaya a mako, da layi na daban, don mai shago a Kasuwar Barci ba zai rufe shago wuni guda saboda awon minti biyar ba. Ba sai likita ya ga kowa ba, nas ko jami'in lafiya da aka horar zai iya bin tsarin.

In ya dawo lamba na sama, kafin ƙara magani tambaya tukuna: "Cikin makon nan kwana nawa ka manta?" Ya zo da kwalin a ƙirga. In yana sha daidai kuma bai sauka ba, a hau mataki na gaba ran nan. Cewa "mu gani wata mai zuwa" sau uku a jere shi ne sakacin da ya fi yawa a ɓangarenmu.

Ƙarshen kowane wata a fitar da lambobi uku a manna a ofis: manya nawa aka auna cikin waɗanda suka zo, nawa aka sa a rajista, nawa cikin na rajista suke ƙasa da 140/90 a zuwansu na ƙarshe. Katunan waɗanda suka wuce ranarsu da mako biyu a zare su a sa a kwali daban kusa da wayar asibiti, a sa sunan ma'aikaci ɗaya a jikin kwalin, shi za a tambaya ranar Juma'a wa ya kira, wa ya samu.